Dirhamin Samaniyawa: tsohon kuɗin azurfa da ya fi yawa a Turai fiye da ƙasar da aka buga shi

Tsabar kuɗin azurfa da sarakunan daular Samaniyawa suka buga a yankin tsakiyar Asiya shekaru fiye da dubu da suka wuce, na daga cikin kuɗaɗen Musulunci na da waɗanda suka fi samuwa a hannun masu sha'awar tara kayan tarihi a sassa daban-daban na duniya.

Abin da ya bambanta wannan dirhami da sauran shi ne inda ake tono shi. An buga shi ne a biranen Samarkand da Bukhara da Balkh, amma mafi yawan waɗanda aka sani a yau an haƙo su ne daga gonaki da bakin koguna a ƙasashen Rasha da Suwidin da Poland da kuma sauran ƙasashen da ke gaɓar tekun Baltik.

Wannan ne ya sa dirhamin ya zama abin da ɓangarori uku ke ja-in-ja a kansa: masu tarawa da ke sayensa a wajen gwanjo, da masana tarihi da ke ɗaukarsa a matsayin shaida, da kuma gwamnatocin da ke cewa haƙo shi ba bisa ƙa'ida ba na lalata tarihin da ba za a iya maido da shi ba.

Su wane ne Samaniyawa?

Samaniyawa zuriya ce ta Farisawa da ta samo sunanta daga kakanta Saman Khuda. A shekara ta 819 Miladiyya, zamanin Halifa al-Ma'amun na Abbasiyawa, aka naɗa jikokinsa huɗu gwamnonin wasu larduna a gabashin daular, ciki har da Samarkand da Fargana da Shash, wato inda birnin Tashkent yake a yanzu.

Wanda ya ɗaga martabar gidan shi ne Isma'ila ɗan Ahmad, wanda ya yi mulki daga 892 zuwa 907. A shekara ta 900 ya ci Amru ɗan Laisu na daular Saffariyawa da yaƙi a kusa da Balkh, abin da ya ba shi iko da lardin Khurasan. Ya mai da Bukhara babban birninsa, kuma har yau hubbaren gidan sarautar na nan tsaye a birnin.

Yankin ba baƙo ba ne ga ɗaliban ilimin Hadisi, domin a nan aka haifi Imam Bukhari, wanda ya rasu a kusa da Samarkand a 870, da Imam Tirmizi wanda ya rasu a 892. A ɗakin karatu na fadar Samaniyawa ne kuma Ibn Sina ya yi nazari yana matashi.

Daular ta faɗi a shekara ta 999, lokacin da Turkawan Karakhaniyawa suka shiga Bukhara, shi kuma Sarki Mahmud na Gazna ya mallake Khurasan. To sai dai sunanta bai ɓace ba. A shekara ta 2000 ƙasar Tajikistan ta sanya wa sabon kuɗinta suna somoni don tunawa da Isma'ila, kuma ta raba kowane somoni zuwa diram 100.

Abin da ke rubuce a jikin dirhamin

Kalmar dirhami ta samo asali ne daga sunan kuɗin Girkawa na da, kuma ta zo a Alƙur'ani a cikin Suratu Yusuf. Masu karatun fiƙihu sun san ta a babin zakka, inda nisabin azurfa yake dirhami 200, da kuma babin aure, inda malaman Malikiyya suka ce mafi ƙarancin sadaki shi ne rubu'in dinari ko dirhami uku.

Siffar da dirhamin Samaniyawa ya ɗauka ta samo tushe ne daga gyaran da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan na Umayyawa ya yi a ƙarshen ƙarni na 7. Kafin lokacin, Musulmi na amfani ne da kuɗin Rumawa da na Farisawa masu ɗauke da hotunan sarakuna. Abdulmalik ya cire hoto baki ɗaya, ya bar rubutun Larabci kawai, ya fara da dinarin zinariya a shekara ta 77 bayan Hijira, sannan dirhamin azurfa ya biyo baya jim kaɗan.

Dirhamin Samaniyawa siriri ne mai faɗi. Nauyinsa na kaiwa kimanin giram 3, faɗinsa kuma tsakanin milimita 25 zuwa 30. Ana buga shi ne da hannu. Maƙeri zai ɗora faifan azurfa tsakanin hatimai biyu na ƙarfe da aka sassaƙa rubutun a jikinsu, sannan ya doka da guduma. Shi ya sa ba kasafai ake samun guda biyu da suka yi daidai da juna ta kowace fuska ba.

A tsakiyar fuskar farko akwai kalmar shahada da rubutun Kufi. A kewaye da ita akwai da'ira biyu na rubutu. Ta ciki tana faɗin sunan garin da aka buga kuɗin da shekarar Hijira, wadda ake rubutawa da kalmomi ba da lambobi ba. Ta waje kuma na ɗauke da wani sashe na aya ta 4 da ta 5 na Suratur Rum.

A ɗaya fuskar akwai shaidar manzancin Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai sunan halifan Bagadaza, sannan a ƙarƙashinsa sunan sarkin Samaniyawa. A gefe kuma an kewaye da lafazin da aka ɗauko daga aya ta 33 ta Suratut Tauba.

Ke nan kowane dirhami na ba da bayani huɗu: gari, da shekara, da halifa, da sarki. A daidai wannan zamani, kuɗaɗen da ake bugawa a arewacin Turai ba sa ɗauke da shekara ko kaɗan. Wannan ne ya sa masu binciken kayan tarihi a arewacin Turai ke dogaro da dirhami wajen sanin lokacin da aka binne wata dukiya, domin ba zai yiwu a binne ta kafin shekarar da ke jikin dirhami mafi sabunta a cikinta ba.

Sunayen ma na da nasu labarin. A wancan zamani, alamun mulki biyu ne: ambaton mai mulki a huɗubar Juma'a, da sanya sunansa a jikin kuɗi. Lokacin da Buwaihiyawa suka mamaye Bagadaza suka tuɓe Halifa al-Mustakfi a 946, Sarki Nuhu ɗan Nasru ya ci gaba da buga sunan tuɓaɓɓen halifan a kuɗinsa, don nuna cewa bai amince da wanda aka ɗora ba. Haka kuma wasu da suka yi tawaye suka riƙe wani gari na ɗan lokaci, sun bar shaidar tawayen a dirhamin da suka buga da sunansu.

Yadda ya isa arewacin Turai

Samaniyawa sun yi sa'ar mallakar ma'adinan azurfa masu albarka, musamman a kwarin Panjshir da ke Afganistan ta yau, da kuma tsaunukan da ke kusa da Shash. Tun daga shekarun 890 suka shiga buga dirhami da yawan gaske, kuma gidajen buga kuɗi na Shash da Samarkand ne suka fi kowa fitarwa. Akwai kuma na Andaraba da Balkh da Naisabur da Bukhara.

Akasarin wannan azurfa ba ta zauna a gida ba. Mutanen Bukhara kansu na hada-hadar yau da kullum ne da wani kuɗi mai suna gidrifi, wanda aka yi da gaurayen ƙarafa marasa daraja, yayin da dirhamin azurfa ya zama tamkar haja da ake fita da ita.

Ayarin fatake kan tashi daga Khwarizm, su ratsa hamada da filayen makiyaya har zuwa kasuwar Bulgar a bakin kogin Volga. A can suke haɗuwa da mutanen da Larabawa ke kira Rus, waɗanda asalinsu 'yan Viking ne daga yankin Sikandinabiya, masu bin koguna da jiragen ruwa.

Masanin ƙasashe al-Maƙdisi, wanda ya yi rubutu a ƙarshen ƙarni na 10, ya lissafa kayan da ake shigowa da su ta wannan hanya, ciki har da fatun dabbobi masu laushin gashi, da zuma, da kakin zuma, da takubba, da kuma bayi. Masana da dama na ganin cinikin bayin ne ya ja kaso mai tsoka na azurfar, kuma a kan haka ne jami'ar Oxford ta gudanar da wani shirin bincike na musamman daga shekara ta 2013.

Akwai kuma wanda ya ga kasuwar da idonsa. Ahmad ɗan Fadlan ya bar Bagadaza a 921 cikin tawagar da Halifa al-Muƙtadir ya aika wa sarkin Bulgar. Ya yada zango a Bukhara, inda ya gana da Sarki Nasru ɗan Ahmad, ya isa bakin Volga a 922. A bayanin da ya rubuta, ya ce namijin Rus kan ƙera wa matarsa abin wuya guda a duk lokacin da dukiyarsa ta ƙaru da dirhami dubu 10.

Su 'yan Viking ba su damu da rubutun ba, nauyin azurfar suke so. Sukan auna ta a ma'auni, su gutsure dirhami gida biyu ko huɗu idan suna neman canji, su karce shi da wuƙa don gwada ingancinsa, su huda wani su rataya a wuya, ko su narka shi su ƙera mundaye. Abin da ya rage sai su binne a ƙarƙashin ɗaki ko a gona.

A ƙasar Suwidin kaɗai an gano dirhami fiye da dubu 80, kuma mafi yawansu a tsibirin Gotland. A wannan tsibiri ne a shekara ta 1999 aka tono dukiyar Spillings, mai nauyin kilogiram 67 na azurfa, ciki har da tsabar kuɗi sama da dubu 14. Ita wannan an binne ta ne bayan shekara ta 870, don haka akasarin kuɗin cikinta na Abbasiyawa ne. Amma a dukiyoyin da aka binne a ƙarni na 10, dirhamin Samaniyawa ne ya mamaye.

Har Ingila ma ya kai. A 2007 wasu mutane biyu masu amfani da na'urar gano ƙarfe sun tono wani ƙoƙon azurfa a kusa da garin Harrogate, ɗauke da tsabar kuɗi 617. A cikinsu akwai 'yan dirhaman Samaniyawa, waɗanda suka yi tafiyar dubban kilomitoci kafin a binne su a wajejen shekara ta 927.

Daga tsakiyar ƙarni na 10 ingancin dirhamin ya fara raguwa. Na farko-farko azurfarsu ta haura kashi 90 cikin ɗari, amma daga baya aka riƙa ƙara tagulla. Kafin ƙarshen ƙarnin kwararar ta tsaya, mutanen arewa suka koma ga kuɗin Jamus da na Ingila.

Abin da masu tarawa ke nema

Nazarin waɗannan kuɗaɗe a Turai ya daɗe. A 1724 wani Bajamushe mai suna Georg Jacob Kehr ya wallafa bayani a kan wasu dirhamai da aka tono a kusa da birnin Danzig, wato Gdansk ta ƙasar Poland a yau. A ƙarni na 19 kuma Christian Martin Frähn ya tsara tarin da ke birnin St Petersburg, aikin da ya zama ginshiƙin wannan fanni. Manyan tarin da ake da su a yanzu sun haɗa da na gidan tarihi na Hermitage, da na Stockholm, da na gidan tarihin Birtaniya da ke London, da na Ashmolean a Oxford, da na jami'ar Tübingen a Jamus.

Ga mai tarawa na ƙashin kansa, abin da ya fi jan hankali shi ne araha. Saboda an buga shi da yawa, dirhamin Samarkand ko na Shash na zamanin Isma'ila ko Nasru ɗan Ahmad ba ya wuce 'yan gomomin dalolin Amurka a kasuwa. Wannan ya sha bamban da wasu kuɗaɗen Musulunci da ba a cika samu ba. A 2011 kamfanin gwanjo na Morton & Eden da ke London ya sayar da wani dinarin Umayyawa na shekara ta 105 bayan Hijira a kan fam miliyan 3 da dubu 720.

Tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Abin da ke ɗaga farashi shi ne ƙarancin gidan buga kuɗin, ko shekarar da ba a saba gani ba, ko sunan wani ɗan tawaye ko gwamna, sannan da kyawun bugu. Dirhamin da sunan gari da shekara suka fito sarai ya fi wanda guduma ta kauce ta bar gefensa a shafe.

Kowane mai tarawa na da tsarinsa. Wani kan nemi guda ɗaya daga kowane sarki, tun daga Isma'ila har zuwa faɗuwar Bukhara. Wani kan zaɓi gari guda ya bi shi shekara bayan shekara. Akwai masu neman manyan dirhamai da aka buga a tsaunukan arewacin Afganistan a ƙarshen ƙarni na 10, waɗanda faɗinsu kan haura milimita 40, nauyinsu kuma ya ninka na saba sau uku ko huɗu. Michael Mitchiner ya rubuta littafi a kansu a 1973.

Wasu kuma sun fi sha'awar kwaikwayon da mutanen Bulgar suka yi. Da yake kasuwa ta saba da dirhamin Samaniyawa, sai suka riƙa buga irinsa, wani lokaci da rubutu mai kurakurai ko wanda ba ya karantuwa. Waɗannan ba jabu ba ne a wurin masana, domin azurfarsu mai kyau ce, kuma su ma sun shekara dubu.

Littafin da akasarin masu tarawa ke dubawa shi ne jerin kuɗaɗen Musulunci na Stephen Album, wanda bugunsa na uku ya fito a 2011. Mai iya karanta Larabci na da fifiko babba a wannan fanni, ko da yake rubutun Kufi na jikin kuɗi ba shi da ɗigo, abin da kan sa a rikita bakwai da tara, ko saba'in da casa'in. Don sanin shekarar Miladiyya a ƙiyasce, ana ninka ta Hijira da 0.97 a ƙara 622. Ta haka shekara ta 300 za ta faɗa a wajejen 913.

Jabun zamani ma na yawo, musamman a intanet da kasuwannin 'yan yawon buɗe ido. Na zubi ya fi sauƙin ganewa, domin yakan bar layin haɗi a gefe, da ƙananan ramuka a fuska, kuma rubutunsa ba ya da kaifi. Ƙwararru kan auna nauyi, su duba da madubin ƙara girma, su kwatanta da hotunan waɗanda aka tabbatar. Sukan kuma yi gargaɗi game da goge dirhami da sinadari don ya yi ƙyalli, saboda hakan na rage masa daraja, kuma azurfar da ta daɗe a ƙasa takan yi rauni har ta karye.

Taƙaddama a kan haƙa da fatauci

Babbar matsalar ita ce asalin kuɗin da ke shiga kasuwa. Ga masanin tarihi, dirhami guda ba ya faɗin abu mai yawa. Amfanin yana ga dukiyar baki ɗayanta: a ina aka same ta, guda nawa ne, daga waɗanne garuruwa, kuma wanne ne mafi sabunta. Da irin wannan lissafi ne Thomas Noonan na jami'ar Minnesota, wanda ya rasu a 2001, ya zana hanyoyin cinikin da lokutan haɓakarsa da durƙushewarsa. Idan aka haƙo dukiya a ɓoye aka rarraba ta ga dillalai, wannan bayani ya tafi ke nan.

Ƙasashe sun bi hanyoyi daban-daban. A Ingila dokar binnanniyar dukiya ta 1996 ta wajabta wa wanda ya samu ya kai rahoto, sannan a ƙiyasta kuɗinta a biya shi da mai gonar. An ƙiyasta dukiyar Harrogate a kan fam miliyan 1 da dubu 82, kuma gidajen tarihi na London da York suka haɗa kuɗi suka saye ta a 2009. A Suwidin sai da izini ake amfani da na'urar gano ƙarfe, kuma dole a miƙa tsohuwar azurfar da aka tsinta ga hukuma. Rasha ta tsaurara hukunci a kan haƙa ba da izini ba a 2013.

A Afganistan lamarin ya fi muni. A yaƙin basasa na shekarun 1990 an wawashe gidan tarihi na ƙasa da ke Kabul, aka yi awon gaba da akasarin tsabar kuɗin da ke cikinsa. A 2022 Amurka ta taƙaita shigar da kayan tarihin Afganistan cikin ƙasarta, ciki har da tsoffin kuɗaɗe.

Masu tarawa da dillalai na cewa irin waɗannan matakai sun yi tsauri ga abin da tun asali an yi shi ne don ya ƙetare iyakoki. A cewarsu, babu mai iya cewa dirhamin Balkh da ke hannun wani a London daga Afganistan aka fito da shi, tun da yana iya yiwuwa a Rasha ko Gotland aka tono shi shekaru ɗari da suka wuce. Suna kuma nuni da cewa da dama daga cikin manyan tarin jami'o'i sun faro ne daga hannun ɗaiɗaikun mutane. Masu binciken kayan tarihi kuwa na mai da martani da cewa muddin ana saye ba tare da tambaya ba, masu haƙa a ɓoye ba za su daina ba.

Malaman fiƙihu ma sun daɗe da tattauna hukuncin binnanniyar dukiya. A mazhabar Malikiyya, wadda aka binne tun zamanin jahiliyya ana kiranta rikazi, kuma ana fitar da humusinta. Wadda take ɗauke da alamar Musulunci kuwa hukuncinta na tsintuwa ne, wato sai an yi cigiya.

Yarjejeniyar hukumar UNESCO ta 1970, wadda ta haramta fataucin kayan tarihi ba bisa ƙa'ida ba, ita ce ma'aunin da gidajen tarihi da dama ke bi a yau. Ba sa karɓar abin da ba a iya nuna cewa ya bar ƙasarsa kafin wannan shekara, ko kuma ya fita da izini ba. Wannan ya sa manyan kamfanonin gwanjo ke ambaton tsohon tarin da dirhami ya fito a cikin kundin sayarwarsu, kuma tsohuwar takardar saye ko ɗan katin da wani mai tarawa ya rubuta shekaru hamsin da suka wuce, kan ƙara wa dirhamin farashi a ranar gwanjo.